Aron Daɓe

A shekarar da annoba ta hana zuwa aikin Hajji, maniyyatan garinmu suka ninke kayan da suka ɗinka suka mayar ƙasan akwati, a cikinta ne kogi ya ƙi zama a gadonsa. Tun tasowata na san ruwan Haɗeja da zuwa a ƙarshen damina. Yakan shiga fadama ya kwanta, in ya gaji ya janye, ya bar wa masunta kifi, ya bar wa manoma danshi. A wannan shekara bai kwanta ba. Mazan gari suka tare a bakin jinga suna cika buhuna da ƙasa, mu kuma muna gida muna dafa musu abinci, hannu ɗaya a muciya, ɗaya a tasbaha. Allah ya tsare cikin gari. Ƙauyukan gabas kuwa, wajen Guri, sai da kwalekwale aka fito da mutanensu.

Cikin waɗanda aka fito da su har da ɗiyar aminiyata. Uwarta, Allah ya jiƙanta, tare muka yi ƙuruciya kafin aure ya kai ta can. Fulani ne, amma tun zamanin kakanni suka ajiye sanda suka kama fartanya. Yarinyar ta iso ƙofar gidana a bayan wata motar ɗaukar kifi, da 'ya'yanta uku, da ƙullin tufafi, da 'yan buhunan shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ɓawo ba. Tana cikin takaba. Mijinta ya girbe noman rani ya kai gida, zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Waɗannan buhuna su ne abin da ya rage na wahalarsa. Ɗakuna sun narke, awaki sun bi ruwa.

Na ba ta ɗakin da maigidana, Allah ya gafarta masa, yake ajiye littattafansa. Ta shiga ta zauna. Tana sallah a kan lokaci, tana yi wa yara wanka, in an miƙa mata abinci ta taɓa kaɗan. Magana ce dai babu. Duk abin da na tambaye ta sai ta ce, "To, Inna," ko da tambayar ba ta "to" ba ce.

Mahaifina malami ne. Shi ya sa mini alƙalamin kara a hannu ya koya mini karatu da rubutun ajami, shi ya sa matan unguwarmu suke taruwa a gidana ranar Alhamis bayan la'asar muna bitar abin da ya shafi tsarki da sallah. In zan faɗi gaskiya, karatun ba ya cin rabin zaman. Da an shafa fatiha sai a juya ga duniya: wa ke da marar lafiya a gida, wa ta kusa haihuwa, wa mijinta ya daɗe bai aiko ba, wa ke neman aron tukunya. Yawancin matan sana'ar gumi suke yi. A sayi shanshera a wanke, a jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana, da safe a tsame a turara ta a rabin duro har ɓawon ya tsage, sannan a baza ta a rana ta bushe kafin a kai inji. Tun da aka rufe iyakar ƙasa shinkafar waje ta yi wuya, gumin gida ya sami kasuwa, mata da yawa suka sami abin rufin asiri.

Sai dai gidajen cikin gari a matse suke, ba kowa ke da filin shanya ba. Don haka muke da wata al'ada da muka tarar iyayenmu mata suna yi. Wadda ta turara fiye da abin da tsakar gidanta zai ɗauka, sai ta aika wa maƙwabciya da ragowar. Maƙwabciyar za ta baza, ta riƙa juyawa, ta kori kaji, in hadari ya taso ta fara kwashe ta aro kafin ta kwashe wankinta. Ba a biyan ko sisi. Dusar da ta fito daga inji kaɗai ake aika mata ta zuba wa awakinta. Duro ma haka yake yawo, yau yana wannan gida gobe yana wancan, har wani lokaci mai shi sai ta yi cigiya kafin ta san inda ya kwana.

Ana gab da fitar yarinyar daga takaba sai ga yayan mijinta. Mutumin kirki ne, kada in ɗauki alhakinsa. Shi ma ruwa ya cinye masa gona, yana zaune da iyalinsa a ajin wata makarantar firamare tare da wasu magidanta. Ya zauna a zaure, ni ina bakin ƙofa, ita tana bayana.

"Inna, mun zauna da 'yan'uwa," in ji shi. "Babu wanda zai iya ɗaukar su su ukun. Babban zai tafi wurin ƙaninmu a Jahun. Macen ta dawo wurina. Ƙaramin ya zauna da uwarsa tunda bai daɗe da yaye ba. Shinkafar kuma a sayar a raba wa masu riƙo."

Na waiwaya na dube ta. Kanta a sunkuye, tana murza bakin mayafi. Na ɗauka "to" ɗin nan za ta ce. Sai na ji murya kamar daga cikin tulu.

"Yaya, a bar mini su."

"Ki ciyar da su da me?"

Ni na karɓi maganar, na ce a ba ta zuwa lokacin da ruwa zai janye hanya ta buɗe. In ya dawo ya ga ba ta iya ba, magana tasa ce. Ya ce saboda furfurata ya yarda. Amma in tuna dukiyar marayu ce, in ta salwanta ba shi kaɗai zai tambaye mu ba.

Na kai zancen zaman Alhamis. Ba a ja shi da tsawo ba. Wannan ta ce duronta yana nan, waccan ta ce tana da ragowar itace. Dillaliyar unguwa, wata tsohuwa mai saurin ƙafa wadda ta san duk wata mai sayar da abinci tun daga tasha har kasuwar kifi, ta ce in gumin ya yi kyau sayarwa aikinta ne. Aka tambayi yarinyar ko ta iya gumi, ta gyaɗa kai. Ta iya kuwa, a ƙauye suna yin na ci. Abin da babu wadda ta tuna ta tambaye ta shi ne a ina suke shanyawa.

Tana fita takaba aka yi mini rasuwa a Kafin Hausa, na tafi ta'aziyya na kwana. Ita kuwa, ga kunya ga ɗoki, ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta yi wa kowa bayani ba. Kowace ta ba ta duro tana zaton nata kaɗai aka ara. Da na dawo da hantsi, tun daga zaure na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar shinkafa. Na shiga na tarar babu wurin sa ƙafa. Duro nan, duro can, har da babbar tukunyar biki, kowanne maƙil. Buhunan duka ta juye, ba ta rage ko tiya ba. Ta riga ta hura wuta ta ɗora na farko, fuskarta da wani haske da ban taɓa gani ba tun zuwanta.

"Inna, kafin Yaya ya dawo na gama," in ji ta.

"A ina za ki shanya?"

Ta dubi tsakar gidan. Ta dubi darbejiyar da ta rufe rabinsa da inuwa. Ta dubi katanga. Ina kallo hasken nan ya bar fuskarta. A ƙauyensu bayan gida faƙo ne shimfiɗe har inda ido ya tsaya, kome yawan abin da aka baza ba ya cika. Ba ta taɓa zama inda wuri yake ƙarewa ba.

Shinkafar da ta ƙoshi da ruwa ba ta jiran kowa. In ta ƙara kwana a duro ta yi tsami ke nan, ta yi wari, ba mai saye. In an turara aka bar ta a tare ba a baza ba, ta yi baƙi ta yi fumfuna. Ga shi a shekarar ƙasa ta sha ruwa ta gaji, ko a cikin gari in ka taka tsakar gida sai danshi ya biyo sawunka. Tabarma ba za ta yi ba, sai mai siminti ko mai tamfol.

Na leƙa ta katanga na kira maƙwabciyata, ita ma ta kira ta gaba da ita. Haka maganar ta bi katangu har ƙarshen layi. Kafin rana ta yi zafi mata sun cika gidan. Wata ta ce tana da tamfol ɗin da aka yi rumfar suna da shi. Wata ta ce barandarta ta siminti ce. Wata ta koma da gudu ta kwashe barkonon da ta shanya ta mayar ɗaki. Babu wadda ta yi wa yarinyar faɗa, sai dillaliya da ta riƙe haɓa ta ce, "'Yar nan, ke in an ce ki ɗanɗana gishirin miya sai ki shanye tukunyar?" Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Da aka haɗa wuraren da aka samu, sai aka ga ko rabin shinkafar ba za su ɗauka ba. Kowa ta san wurin da ya rage.

A bakin unguwarmu akwai wata Hajiya, Babarbariya ce, da zanenta a fuska. Ita ce babbar mai gumi a duk yankin, kuma ita kaɗai ke da daɓen siminti mai faɗin da in kana wannan gefe sai ka ɗaga murya na wancan gefe yake jin ka. Ba ta zuwa zaman Alhamis sai jefi-jefi, ta ce karatun cikin cokali ne, surutun cikin daro. Ba ta aro, ba ta ba da aro. In an yi mata gori sai ta ce ba rowa ba ce, tsari ne. Na yafa mayafi na nufi gidanta.

Na same ta a kan kujera 'yar tsugune, matan da ke mata aiki suna share daɓen, durorinta a jere cike da tata jiƙaƙƙiyar. Muka gaisa, na faɗi abin da ya kawo ni.

"Malama, shinkafarki ce?"

"Ta marayu ce."

"Marayun ne suka jiƙa?"

"Uwarsu ce."

"Uwar ba ta da baki ne, ko shi ma ruwan ya tafi da shi? Ta zo da ƙafarta."

Na koma na gaya wa yarinyar. Ta ce ba za ta iya ba, in taimaka in sake komawa. Na ce, "Na roƙa miki wurin baffansu, na roƙa miki wurin mata. Wannan ƙofar ba ta buɗuwa da bakin wani." Ta daɗe a tsaye tana kallon yaran da ke zaune a bakin ɗaki. Sannan ta ɗauko hijabinta.

Hajiya ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa. Tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa tun na kakanni, kowa yana cewa ɗayan bawansa ne, kuma ba a fushi.

"Au, Bafillatana ce. Shi ya sa. Ke an gaya miki shinkafa shanu ce, da za ki kora garken duka rafi a lokaci guda?"

Yarinyar ta durƙusa. "Hajiya, na yi kuskure."

"Wannan ko makaho ya gani."

"Ku ara mini daɓenku, yau kaɗai."

"Ni kuma tawa in kai ta ina? In shanya a gadon bayanki?"

"Ban sani ba, Hajiya." Ta ɗago kai. "Abin da na sani, in wannan ta lalace za a raba mini 'ya'ya."

Hajiya ta yi ta kallon durorinta kamar tana ƙirga su. Can ta juya ga masu aikinta.

"Ku janye itacen nan. Ku je ku taya baiwata kwaso kayanta." Ta dube ni ta gefen ido. "Dama tawa ba ta gama sha ba, sai gobe."

Na ga shinkafar da idona, ɓawon ya kumbura har yana neman tsagewa.

Ranar nan unguwarmu ta zama gida ɗaya. Aka kafa murahu a gidana da lungun da ke gabansa, hayaƙi ya turnuƙe. Da duro ya turaru sai a juye a daro da zafinsa, mace ta naɗa gammo ta ɗauka tana sauri, tururi yana bin ta a baya. Masu amalanke suka ɗauki wadda za a kai daɓen Hajiya. Ita kuwa Hajiya ta tsaya a kan yarinyar, tana koyarwa tana zagi. Kada ki baza da kauri. Ki ja ta da ƙafa ki fitar da kunya kamar ta gona, iska ta shiga. In rana ta take ki tara ta ki rufe ta huta, in ba haka ba a inji za ta kakkarye. "Haka ake juyawa a rugarku? Ko nono kike kaɗawa?" Yarinyar ba ta sake yin kuskuren da aka gyara mata ba.

Da la'asar sakaliya hadari ya haɗo daga gabas, irin na bankwana da damina. Na ga kawunan mata a kan katangu, kowa hannunta a kan bakin tamfol, idonta a sama. Muka yi ta salati. Ya yi iska, ya yi rugugi, ya watse bai zubar da ko ɗigo ba. Wanda ya tara shi shi ya kore shi, godiya ta tabbata gare shi.

Bayan 'yan kwanaki na bi ta ƙofar Hajiya, tsami ya dake ni tun daga waje. Tata shinkafar ta lalace. Masu kiwon kaji ta sayar wa a wulaƙance, dilan da ya ba ta aikin kuma ya koma wurin wata. Da na yi mata jaje sai ta ce irin ne ba shi da kyau, manomin ne ya cuce ta. Yarinyar ta aika mata da dusa bisa al'ada, ta maido. Ta aika da ƙwaryar shinkafa, ta maido. Ta ce a gaya wa Bafillatana ba ta gama tunanin abin da za ta karɓa ba tukuna.

Shinkafar marayu kuwa ta fito daga inji doguwa, launin zuma-zuma, ba tsakuwa ba wari. Dillaliya ta ƙulle 'yar kaɗan a bakin zane ta fita. Masu abinci na kasuwar kifi suka dafa suka ga tana tashi ba ta caɓewa, suka ce a kawo duka. Da abin da aka samu yarinyar ta sayi wata shansherar, wannan karon tana jiƙa daidai wurin da ta roƙa. Har yau in wata ta cika zumuɗi a unguwarmu sai a ce mata kada ta yi jiƙon 'yar Guri.

Da hanya ta buɗe baffan yara ya dawo. Aka zuba masa shinkafa da miyar kifi, ya ci, ya leƙa ɗaki ya ga buhuna sun fi waɗanda ya bari, ya ga yaran da ƙiba. Ya yi murna, amma bai janye maganar ba. Ya ce damina ɗaya ba ta nuna gona, a bar su zuwa baɗi a gani. Baɗin ya zo, ya sake cewa a ƙara gani, ko da babban ne dai ya kamata ya tafi Jahun ya tashi a gaban namiji. Haka ta zauna da wannan magana a rataye a kanta, duk kaka sai ta sauko.

Amma ba yarinyar da aka sauke a motar kifi ba ce yake tararwa. A zaman Alhamis ta fara karatu da murya a sama, har tana gyara wa wasu. Da kanta take zuwa inji, in mai inji ya matse dutse ya karya mata shinkafa ta tsaya ta sa ya kwance. Matan da ruwa ya koro daga ƙauyuka, waɗanda ba su koma ba, wurinta suke zuwa koyo, kuma abin da take fara tambayar kowace shi ne faɗin tsakar gidanta. Ranar da ta fara rama wa Hajiya ina wurin, a gidan suna ne.

"Baiwata, yau garke nawa aka kora rafi?"

"Daidai wanda daɓen bayina zai ɗauka, Hajiya."

Mata suka kwashe da shewa. Hajiya ta ce Malama ce ta lalata ta da karatu, amma na ga tana ɓoye dariya a bayan mayafi.

A kan tudun da ke bayan unguwa akwai wani kango, mai shi ya yarda ya ba yarinyar haya. Wuri ya samu, kuɗin siminti ne babu. A zaman Alhamis wata tsohuwa wadda ta girme ni ta ce, "Kafin a kawo siminti a kan me iyayenmu suke shanya?" Nan aka sa ranar gayyar daɓe. Aka tara marmara, aka jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa mai ƙarfafa daɓe, aka tono madaɓai daga ƙarƙashin gadajen tsofaffi, wasu har gara ta fara ci. 'Yan matan yanzu ba su taɓa riƙe madaɓi ba, sai da aka nuna musu. Muka jeru a kan gwiwa, tsohuwar tana ba da waƙa muna amsawa, madaɓai suna sauka tare kamar hannu ɗaya ne. Ni ma na daɓa gwargwadon ƙarfina, na kwana biyu ina sallah a zaune. Hajiya ba ta zo ba. Ta aiko da tulun kunun tsamiya da saƙon cewa ita ba ta durƙusa wa Fulani. Daɓen ya fito ja-ja baƙi-baƙi, yana sheƙi. Daga baya da hali ya samu yarinyar ta shafe shi da siminti, ta yi ɗaki biyu a gefe, ta tashi daga gidana ta koma can da 'ya'yanta.

A daminar da ta biyo bayan wahalar canjin kuɗi aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya kwana yana zuba. Katangar Hajiya ta faɗo a kan daɓenta ta farfasa shi, laka ta rufe sauran. Ga ta da jiƙo cike da durori, aikin wani dila ne, kuma a lokacin manyan injina sun janye mata masu saye da yawa, ciwon gwiwa ma ya sa ta a gaba. Ba ta gaya wa kowa ba. Ɗaya daga cikin masu aikinta ce ta raɗa wa dillaliya, dillaliya ta zo ta gaya mini, ni kuma na hau tudu.

Na tarar da baffan yara zaune a ƙarƙashin rumfa. Da sassafe ya iso. Babban ya gama firamare, kuma an riga an shirya masa wuri a Jahun, ya ce wannan karon da shi zai koma. Uwar yaran tana durƙushe a gabansa, tata shinkafar tana duro tana jiran wuta, rana kuma ta fito tas bayan ruwan. Na sunkuya na gaya mata abin da ya sami Hajiya.

Ta miƙe. "Yaya, ku yi haƙuri, maganar nan ta jira ni. Akwai shinkafa a ruwa."

Ba ni na leƙa katanga ba a wannan karon. Ita ta tsaya a bakin ƙofarta ta ɗaga murya, har ƙarshen layi ana jin ta. Ta raba tata shinkafar ga gidajen unguwa su turara su shanya, ta san mai tamfol, ta san mai baranda, ta san wadda kajinta suka yi yawa ba za a ba ta ba. Ta tsayar da masu amalanke da wani mai keke mai ƙafa uku. Baffan yara ya zo da magana, sai ga shi ya naɗe hannun riga yana ɗaga daro, don ba a tambaye shi ba aka miƙa masa.

Muka sami Hajiya zaune a bakin ɗaki tana kallon tulin ƙasar da ke kan daɓenta.

"Wa ya kira ki?"

"Ba a kiran uwargijiya, Hajiya. Ita ke zagayawa ta ga halin da bayinta suke ciki."

"Ni ba na aro."

"Ba aro na kawo ba. Biya na zo yi."

"Ke ba ki jiƙa ba ne yau?"

"Na jiƙa. Tana gidajen mutane tana shan rana."

Hajiya ta kawar da kai. Har na fara tsoron za ta kore mu. Sannan ta ce, "To kada ku zubar mini a hanya. Na san aikin Fulani."

Kafin azahar shinkafar Hajiya ta turaru ta kwanta a kan tudu, daga wannan bango zuwa wancan. Baffan yara ya dawo daga masallaci ya same ni a inuwa, rigarsa duk ruwan gumi.

"Inna, na zo da magana amma zan koma da abata," in ji shi. "Matar da ta tashi unguwa guda da bakinta, ba ni zan koya mata riƙon ɗa ba. Zan gaya wa na Jahun ya haƙura. Ku faɗa mata."

"Ga ta can, faɗa mata da kanka."

Ya je ya faɗa mata, ya ƙara da cewa ba baɗi, ba baɗin baɗaɗa, maganar ta mutu. Ta ce, "Na gode, Yaya, Allah ya bar zumunci," ta ci gaba da jan kunya da ƙafa. Sai da ya juya baya na ga ta sa bakin ɗankwali ta goge fuska.

Da la'asar keke ya sauke Hajiya, tana dogara sanda. Wannan ne zuwanta na farko gidan. Ta bi gefen daɓen a hankali tana dubawa, ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki ƙwaya ɗaya, ta murje ɓawon ta sa a haƙori. Muka ji ta ce ƙas. Aka shimfiɗa mata tabarma ta zauna.

"Malama, matso ki zama shaida. Waccan shekarar da na ce tawa ba ta gama sha ba, ta gama. Allah ya yafe mini."

"Mun sani, Hajiya," in ji yarinyar. "Duk mai hanci a unguwar nan ya sani."

"To na karɓa. Daga yau ba na bin ki komai."

"Alhamdu lillahi."

Muka shafa. Hajiya ta zauna tana kallon shinkafarta, rana tana sauka a kai. Can ta nuna gefen bango da sandarta.

"Wancan lungun kin baza da kauri. Tashi ki gyara, ba a gidanku kike ba."

"A gidanmu nake, Hajiya," in ji ta. Ta tashi ta gyara.